Minti 240 da Yadda Za a Raba Su

Akwai wani irin wasa da ake yi a intanet wanda mai yin sa ba ya taɓa ƙwallo, ba ya gudu, ba ya ko zufa. Aikinsa shi ne ya hau kujerar manajan ƙungiyar ƙwallon kwando, ya sayi 'yan wasa, ya tsara waɗanda za su shiga fili da waɗanda za su jira a benci, sa'an nan ya bar wa kwamfuta ta buga wasan bisa ga lissafinta, shi kuwa ya dawo ya duba sakamako. Iyaye da malamai da yawa idan suka ga yaro ya ƙura wa irin wannan abu ido, hukuncinsu ɗaya ne, watau shiririta ce da ɓata lokaci. Ni dai ina da ja a kan wannan hukunci. A ganina, a cikin wasan akwai wata tambaya da ta fi yawancin waɗanda muke rubuta wa ɗalibai a allo ƙoshi, kuma ya kamata malaman lissafi da na kimiyya su ɗauko ta su kawo cikin aji. Tambayar ita ce: an ba ka minti 240 da 'yan wasa 12, wa za ka ba nawa?

Bari mu fara da inda wannan adadi ya samo asali. James Naismith ne ya ƙago ƙwallon kwando a 1891 a garin Springfield na ƙasar Amurka, daga baya aka tsayar da cewa mutum biyar-biyar ne za su kasance a fili daga kowane ɓangare. A gasar NBA ta Amurka wasa minti 48 ne, an kasa shi zango huɗu, kowane zango minti 12. Mutum biyar sau minti 48 ya ba da 240. A ƙarƙashin dokokin hukumar FIBA, waɗanda ake bi a yawancin ƙasashen duniya, wasa minti 40 ne, saboda haka jimillar ta zama 200. Wani muhimmin abu kuma shi ne, a ƙwallon kwando ana iya fitar da ɗan wasa a mayar da shi sau nawa aka ga dama, saɓanin ƙwallon ƙafa inda wanda aka cire ya ciru ke nan. Wannan 'yanci shi ne ya mayar da mintocin wasa tamkar kuɗi a hannun mai kasafi: adadinsu a ƙayyade yake, kuma duk mintin da aka ba wani, to an hana wa wani ne.

Wasannin manaja na intanet sun daɗe. Hattrick, na ƙwallon ƙafa, ya fito daga ƙasar Suwidin a 1997. Na ƙwallon kwando da zan kafa misali da shi sunansa BuzzerBeater, ya fara a 2007, kuma minti 48 yake bi irin na NBA.

To, idan aka ba sabon manaja wannan kasafi, amsar da take fara zo masa ita ce ya zaɓi gwanayensa biyar ya ba kowanne minti 48, sauran bakwai su ɗumama benci. Hujjarsa kuwa tana da kama da gaskiya: tunda wane ya fi wane, don me za a zaunar da wanda ya fi domin wanda bai kai ba? Kuskuren da ke cikin wannan tunani shi ne ɗaukar cewa ɗan wasa abu ne tsayayye kamar dutsen awo, nauyinsa a minti na farko shi ne nauyinsa a minti na 45. Jikin ɗan Adam ba haka yake ba.

Tsoka tana aiki ne da wani sinadari da ake kira ATP, kuma ajiyarsa a cikinta kaɗan ce ƙwarai. Idan ɗan wasa ya zabura da gudu ko ya yi tsalle zuwa kwando, tsokar tana sabunta wannan sinadari cikin gaggawa daga wata ajiya ta biyu mai suna fosfokiriyatin, wadda ita ma gudun ƙure ƙarfi na kimanin daƙiƙa goma kan ci mafi yawanta. Abin sha'awa shi ne saurin dawowarta: wajen rabinta kan komo cikin rabin minti na hutu, kusan dukkanta kuma cikin minti uku zuwa biyar. Wannan shi ne amfanin ɗan gajeren zaman benci a tsakiyar wasa. Akwai kuma ajiya ta uku, watau gilaikojin, wanda shi ne sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta. Shi ba ya dawowa da zaman minti biyar. Yana bukatar kamar yini guda ko fiye, tare da cin abinci mai sitaci sosai. Ke nan gajiya iri biyu ce, akwai ta cikin wasa, akwai ta tsakanin wasa da wasa, kuma kowace da maganinta. Ƙafar da ta gaji ba ta ɗaga mutum kamar da, jifan da ya saba faɗawa kwando sai ya riƙa dukan bakin ƙarfe, mai tsaron da ya saba tare hanya sai ya makara da taku ɗaya ya riƙa kai hannu, alƙalin wasa ya hura masa laifi. Masu tsara wasan kwamfuta sun san da wannan, shi ya sa suka ba kowane ɗan wasa ma'aunin juriya, suka kuma sa ƙwazonsa ya riƙa raguwa yayin da ya daɗe a fili.

Yanzu mai karatu ya ɗauko alƙalami mu yi ɗan lissafi. Alƙaluman da zan kawo na ƙaddarawa ne domin misali kawai. Mu ce muna da gwani a wani gurbi, amfanin da yake kawo wa ƙungiya ya kai maki 8 a minti 12 na farko da ya buga, maki 7 a na biyu, maki 5 a na uku, maki 3 a na huɗu. Mataimakinsa kuma bai kai shi ba ko kusa: maki 5 a minti 12 ɗinsa na farko, maki 4 a na biyu, maki 2 a na uku. Idan gwani ya buga wasan duka, an sami 8 da 7 da 5 da 3, watau 23. Idan aka yi raba-daidai, kowa minti 24, an sami 8 da 7 daga gwani, 5 da 4 daga mataimaki, watau 24. Idan kuwa gwani ya buga minti 36, mataimaki 12, an sami 8 da 7 da 5, ga kuma 5, watau 25. A lura da kyau. Manajan da ya ce a bar gwani ya yi ta yi ya faɗi. Manajan da ya ce a yi adalci kowa ya samu daidai shi ma bai kai ga gaci ba. Wanda ya ci shi ne wanda ya daina tambayar wa ya fi wani, ya koma tambayar wa zai fi amfani a minti mai zuwa. Gwani ya fi mataimaki a kowane mataki idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa, amma gwani gajiyayye mai maki 3 bai kai mataimaki mai jini a jika da ke da maki 5 ba.

Wannan ita ce ƙa'idar da masana tattalin arziki ke kira raguwar amfani, kuma manomi ya san ta tun kafin a rubuta ta. Buhun taki na farko a gona yana ƙara hatsi sosai, na biyu ya ƙara amma bai kai na farko ba, na biyar kuwa ƙila ma ya ƙone shuka, gara a kai shi gonar da ba ta samu ba ko da ƙasarta ba ta kai wannan kyau ba. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa ma yana cikin wannan hali, sa'ad da zai yanke ko ya ƙara awa ta huɗu a kan darasin da ya fi so ko ya ba darasin da yake gudu awarsa ta farko. Kada kuma a ɗauka ƙaramin ilimi ne. Raba abu ƙayyadadde tsakanin bukatu masu gasa da juna fanni ne guda a lissafi. Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyat ya buɗe ƙofarsa a 1939 sa'ad da yake neman yadda za a raba aiki tsakanin injinan masana'antar katako, George Dantzig na Amurka ya fito da hanyar warware irin waɗannan matsaloli a 1947, kuma a 1975 Kantorovich ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a kan wannan aiki. Yaron da ke jujjuya mintocin 'yan wasansa a waya yana bakin ƙofar wannan fanni ne bai sani ba, kuma babu wanda ya gaya masa.

Inda abin ya ƙara daɗi shi ne idan aka bar wasa guda aka dubi mako. A BuzzerBeater ƙungiya takan buga wasa uku a mako, biyu na gasa, ɗaya na kofi ko na sada zumunci. Manaja yana zaɓar irin horon da za a yi a makon da gurbin da horon zai shafa, kuma ɗan wasa ba zai sami cikakken horo ba sai ya buga minti 48 a wannan gurbi cikin makon. Wasa uku sau minti 48 ya ba da 144, watau idan gurbi ɗaya ake horarwa, mutum uku kacal za su sami cikakken rabo. Idan aka buɗe horon ya haɗa gurbi biyu, mintocin sun zama 288, mutum shida za su samu, amma ci gaban kowannensu zai yi tafiyar hawainiya idan aka gwada da na farko. Daɗin daɗawa, matasa 'yan shekara 18 da 19 sun fi saurin koyo, su ne kuma suka fi rauni a fili a yau. Saboda haka duk mintin da aka ba matashi domin ya girma, an ɗebe shi ne daga tsohon hannun da zai iya ciyo wasan ranar. Manajan da ya kwashe mintoci ya ba tsofaffi zai ci wasanni bana, baɗi ya wayi gari ba shi da magada. Wanda ya kwashe ya ba yara yana iya faɗawa rukuni na ƙasa kafin yaran su nuna. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai a zaɓi irin gudun da za a iya.

Har wa yau akwai ma'aunin lafiyar wasa, wanda ke sauka idan ɗan wasa ya tara mintoci fiye da kima a mako, yana kuma sauka idan ya yi ta zama bai buga ba. Wannan yana da tushe a ilimin motsa jiki, domin jiki yana ƙaruwa ne idan aka ɗora masa nauyi aka kuma ba shi damar farfaɗowa. Nauyi ba hutu ya karya shi, hutu ba nauyi ya sanyaya shi. Manaja kuma zai iya umartar 'yan wasansa su sassauta a wasan da ba shi da muhimmanci domin su tara kuzari, ko su fitar da duk abin da ke gare su a wasan da ba a son rasawa, su biya bashin a wasa na gaba. Bayan duk wannan shiri, kwamfuta na iya sa matashin da ake son ya cika minti 48 ya tara laifuffuka a kore shi daga fili, ko ya ji rauni tun a zango na biyu. Dole mai hankali ya bar sarari a cikin kasafinsa domin abin da ba a zata ba.

Sai kuma batun su wa za su tsaya tare. Biyar mafi ƙwarewa ba lalle ne su zama biyar mafi dacewa ba, domin ƙwallon ɗaya ce, kuma idan duk biyar masu son jifa ne, wa zai miƙa, wa zai tsare, wa zai cafke wadda ta ɓallo daga kwando? Wani zai ce ai sai a gwada kowane zubi a ga wanda ya fi. To mu ƙirga. Hanyoyin zaɓar mutum 5 daga cikin 12 su ne 12 sau 11 sau 10 sau 9 sau 8, watau 95,040, a raba da 120, ya ba da 792. Kakar NBA wasa 82 ce, watau minti 3,936 ban da ƙarin lokaci. Idan aka raba wa zubi 792 waɗannan mintoci daidai wa daida, kowanne zai sami abin da bai cika minti biyar ba. Minti biyar kuwa ba ya nuna komai, jifa biyu na sa'a sun isa su sa zubi maras kyau ya yi kama da na zakaru. A nan ɗalibi zai gane da kansa dalilin da ya sa masanin kimiyya ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya, da dalilin da ya sa yake fara yin hasashe mai hujja kafin ya shiga gwaji. Na fi son ɗalibi ya koyi wannan a kan ƙungiyar da yake ƙauna da ya haddace shi a matsayin ma'anar da za a tambaya a jarrabawa.

Tarihin ƙwallon kwando na zahiri ma yana da abin cewa. A kakar 1961 zuwa 1962 Wilt Chamberlain na ƙungiyar Philadelphia Warriors ya buga matsakaicin minti 48.5 a kowane wasa, fiye da tsawon wasan kansa, saboda ƙarin lokacin da aka yi a wasu wasanni. Matsakaicin makinsa 50.4 ne, kuma a ranar 2 ga Maris 1962 ya ci maki 100 shi kaɗai. Duk da haka Boston Celtics ce ta fitar da ƙungiyarsa ta kuma ɗauki kofin. Kocin Boston, Red Auerbach, shi ne ya shahara da ajiye ɗaya daga cikin gwanayensa a benci da gangan, kamar Frank Ramsey, daga baya John Havlicek, domin ya shigo da ƙarfinsa sa'ad da abokan karawa suka fara haki. Boston ta ɗauki kofi takwas a jere daga 1959 zuwa 1966. Gaskiya ne babban ɗan wasansu Bill Russell shi ma yakan wuce minti 40 a wasa, don haka ba za a ce benci kaɗai ya yi aikin ba. Misali mafi kusa da mu shi ne na Toronto Raptors ta ƙasar Kanada, wadda shugabanta a lokacin shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. A 2018 ya ɗauko Kawhi Leonard, ɗan wasan da rauni ya hana shi buga fiye da wasa 9 a kakar da ta gabata. Ƙungiyar ta riƙa hutar da shi, ya buga wasa 60 cikin 82, a cikin 22 da bai buga ba kuwa ta ci 17. Da aka shiga wasannin fitar da gwani, ya buga duk 24, kusan minti 39 a kowanne, Toronto ta ɗauki kofinta na farko a 2019.

To amma a nan ne ya wajaba malami ya ja wa ɗalibi birki, kuma wannan rabin darasin ne. Wasan kwamfuta kwaikwayo ne na lissafi, mutane ne suka zauna suka rubuta dokokinsa. Idan ya ce minti 48 ne ma'aunin horo, mai tsarawa ne ya zaɓi lambar, babu wata jijiya a jikin mutum da ta san da ita. A duniyar zahiri maganar ba ta daidaitu haka ba. A Afrilun 2012 Derrick Rose na Chicago Bulls ya tsinke jijiyar gwiwa ana saura ƙasa da minti biyu a tashi, ƙungiyarsa na gaba da maki 12, aka yi ta zargin kocinsa da barin sa a fili ba gaira ba dalili. Zargi ne mai saurin shiga kunne, amma aukuwa guda ba ta tabbatar da sanadi. A Janairun 2024 hukumar NBA ta raba wa ƙungiyoyi wani rahoto da ya duba bayanan kaka goma, bai kuwa gano cewa hutar da 'yan wasa daga wasanni yana rage yawan rauni ba. Akwai kuma abin da kwamfuta ba ta lissafawa sam, watau ɗan kallon da ya biya kuɗi domin ya ga gwani. A Nuwamban 2012 kocin San Antonio Spurs, Gregg Popovich, ya tura manyan 'yan wasansa gida su huta kafin wasa da Miami, hukumar ta ci ƙungiyar tarar dala 250,000. A 2023 kuma ta kafa doka cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya cancanci manyan lambobin yabo na kaka. Ɗalibin da ya iya bambanta abin da kwaikwayo ya ce da abin da jiki ya nuna, ya kama hanyar kimiyya.

Na san koken iyaye, kuma ban ce ba su da gaskiya ba. Waya tana cin lokaci, data tana cin kuɗi, sa'an nan yaron da ya saba bin alƙaluman wasanni yana iya zamewa zuwa cacar wasanni, wadda ita kam ɓarna ce tsantsa. Sai dai irin wannan wasa na manaja ba ya bukatar a zauna a kansa dare da rana, tunda wasa uku ne a mako kuma shirya zubi aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya yi lissafinsa a takarda. Bambancinsa da caca kuma a fili yake ga malamin da zai nuna shi: mai caca yana jiran abin da ba shi da iko a kai, manaja kuwa yana yanke shawara, ya ga sakamako, ya gyara.

Hasali ma malami ba ya bukatar waya ko intanet domin ya kawo darasin. Alli da allo sun isa. A kasa aji gida huɗu, a ba kowane gida jerin 'yan wasa 12 da jadawalin amfaninsu zango-zango kamar wanda muka yi a sama, a ce su raba minti 240. Bayan sun kawo amsoshinsu, sai a ƙara sharaɗi: wasa uku ne a mako, matasa uku na bukatar minti 48 kowanne a gurbi guda, kuma babu wanda zai wuce wani adadi da malami ya yanka. Malamin ilimin halittu ya shigo ya bayyana dalilin da ya sa lambobin jadawalin suke sauka, malamin motsa jiki ya fita da su fili su yi gudun daƙiƙa goma, su huta rabin minti, su sake, su auna tazarar da kowa ya ci a karo na farko da na biyar, domin su fitar da jadawalin kansu. A mako na gaba a sauya zuwa dokokin FIBA, inda kasafin ya koma minti 200 kuma laifi biyar ke fitar da mutum maimakon shida, a ga gidan da zai fara lura cewa rabon da ya yi nasara a makon jiya yana bukatar gyara.